Farar Jakar Kwana da Sunana a Bakinki

Bakin fadamar Dundaye,
Sakkwato.
Kakar 1976.

Zuwa ga Saudatu, sanyin idaniyata, ruwan randa a tsakiyar bazarar Sakkwato, gawon da yake fid da ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, balbelar da ta sauka a gonar zuciyata ta ƙi tashi! Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya san ba za a amsa masa ba. Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba da Inna da duk wanda yake shan ruwa a gidanku. Idan kin tambayi lafiyata, ko da yake na san ba ki tambaya ba, to ina nan da rai. Na san wannan shi ne babban laifina a wurinki yanzu.

Ya tauraruwar asubahina, har yaushe za ki riƙa juya mini ƙeya? Ƙawarki Hasana ta kawo mini saƙonki, kuma ta faɗe shi tana kallon sama don kada ta yi dariya. Wai kin ce kin riga kin yi kukana, kin gama, kin wanke fuska, kuma mace ba ta auren wanda ta riga ta yi wa kukan mutuwa, saboda haka in koma inda na fito. Ina zan koma, Saudatu? Daga jaka na fito, kuma ke da hannunki kika farke ta. Ki ba ni aron kunnenki in faɗa miki yadda abin ya faru tun daga farko, domin har yau labarin da kika ji daga waje ne, ba ki ji na wanda yake ciki ba.

Kin tuna ranar da iyayena suka je wurin Baba Mode neman aurenki? Ya dubi hannuwana, waɗanda ba su taɓa riƙe abin da ya fi alƙalami nauyi ba, ya ce: “Ba ni ba da ɗiyata ga wanda bai san warin laka ba. Shi zo shi kwana ga hwadama, shi kore min tsuntsayen jan-baki har a yanke shinkahwa, sannan mu gani.” Gaskiya ya faɗa. Ni akawu ne a ofishin gona, na buga kalmar shinkafa a kan tafireta har yatsuna sun yi kanta, amma ban taɓa haɗuwa da ita ba sai a cikin kwano. Da sojoji suka shiga rediyo suna cewa kowa ya koma gona, na shuka tumatir ɗaya a gwangwanin madara a tagar ofis, shi ma bai ga wata biyu ba. Ga ƙirjina ba ya shiri da raɓa, ga sauro yana sona fiye da yadda kowa ya taɓa sona in ban da ke. Amma da na tuna yadda kike sunkuyar da kai kina zane a ƙasa da ɗan yatsan ƙafarki idan na zo zance, sai na ji ko a bakin kada aka ce in kwana zan tambayi inda zan sa matashi.

Na kai kukana wurin abokina Malam Markus, malamin makaranta a Mabera, wanda yake kai yara ’yan Sikawut kwanan daji. Ya ce in manta da tanti, domin tanti sai da sanduna da igiyoyi da mutum biyu masu haƙuri. Ya ce akwai wani sabon abu da ya shigo gari, jakar kwana, wadda mutum yake shiga cikinta tun daga tafin ƙafa har tsakar kai, ya ja zif, shi ke nan ya zama shi ne ɗakin, shi ne mai ɗakin. Ruwa ba ya shiga, sauro ba ya shiga, da safe ka naɗe ta ka sa a hammata. Muka hau basfata muka tafi babban kantin nan na cikin gari. Kin san yadda kantuna suka zama tun da kuɗin mai ya zubo. Na ga injin ɗumama ɗaki, a Sakkwato! Na ga rigunan shiga ƙanƙara an jera su, mai tsaron kanti yana zaune a ƙarƙashinsu yana fifita da kwali. A can lungu, bayan injinan yanka burodi, muka tarar da jakunkunan.

Kaito, farin watana, da kin ga wahalar da na sha wurin zaɓe, da kin san ba da wasa na ɗauki aurenki ba! Markus ya ce abu na farko shi ne nauyi, domin basfa ba ta shiga fadama, dole in bar ta a tudu in ratsa laka da ƙafa, ga buta, ga fitila, ga gwangwanayen korar tsuntsu, ga ƙullin gari. Akwai wata ta tamfol mai ƙwari wadda za ta kai har jikokinmu. Na ɗora ta a kafaɗa, gwiwoyina suka fara gardama da juna, na ajiye. Akwai koriya, marar nauyi, mai kyan ɗinki, har na fara shafa ta. Markus ya matso kusa da kunnena ya tambaye ni, idan soja ya tare ni a hanya da kaya kalar kakinsa, me zan ce masa? Na hango kaina ina tsallen kwaɗo a gefen titi, riƙe da kunnuwa, kina wucewa da ƙawayenki. Na cire hannuna daga kanta kamar na taɓa garwashi.

Sai wata ta roba zalla. Mai kanti ya rantse ko a gulbin Rima aka jefa ni ba zan jiƙe ba. Na shimfiɗa ta a tsakiyar kanti na shiga, mutane suna tsallake ni suna sayayya. Gaskiyarsa, ruwa ba ya shiga, amma kuma gumi ba ya fita. Kafin Markus ya gama gaisawa da wani ɗan garinsu na dahu a ciki kamar alala a ganye. Wata kuma gajera ce, ko dai kaina ya kwana a waje ko ƙafafuna, kuma na kasa yanke wanda zan sadaukar wa sauro, domin da kai nake tunaninki, da ƙafa nake zuwa wurinki.

Daga nan mai kanti ya miƙa hannu can sama ya sauko da ita. Fara tas! Idan an naɗe ta ba ta fi curin fura uku ba, a tafin hannu kuwa nauyin tattabara gare ta. Ya ce an yi ta ne don masu hawan duwatsun ƙanƙara a ƙasashen Turai. Markus ya gwada ta gwajin masana. Ya hura ta da baki, iska ta wuce. Ya zuba mata ruwa daga buta, ruwan ya gangare. Ya auna ta da tsawona, ta rufe ni har da rara. Tana da ɗan raga a wajen fuska, da wani murfi da ake saukewa a kansa. Mun duba ɗinki, mun duba zare, mun duba ƙasanta ko ƙaya za ta huda. Abu ɗaya ne ba mu duba ba, shi ne abin da duk yaron da ya taɓa bin makara zai gani daga nesa. Markus yana da uzuri, mutanensu a akwati suke binne mamaci. Ni fa, da na halarci jana’iza ba adadi? Ni da na ga fari, haƙoranki na tuna, da auduga a gona, da hasken goshinki idan kin ɗaga fitila. An ce so hana ganin laifi, ashe har likkafani yake hana gani.

Ban so in fara kwana a gonar Baba ina fama da abin da ban iya ba, sai na ce bari in gwada ta tukuna ni kaɗai. Da aka tashi daga ofis na yi azahar a ɗakina na Minanata, na kamo hanyar Dundaye, na tsaya a gindin tsamiyar nan da take kan gangaren fadama. Na jingine basfa. Na cire takalmana na jera su daidai, domin ni mutum ne mai tsari. Na rataye hulata a madubi. Na shiga, na kwanta a kan damana ina fuskantar gabas kamar yadda mahaifiyata ta koya mini tun ina yaro, na sauke murfin, na ja zif har sama. A nan zif ya ciji wuyan rigata ya ƙi gaba ya ƙi baya, da na matsa masa sai ɗan mariƙinsa na ciki ya tsinke a hannuna. Na yi ta mutsu-mutsu har na gaji. Ga iskar fadama tana busowa, ga inuwar tsamiya, ga shi kuma ran nan ban samu ɗan runtsawar da na saba yi a ofis ba. Barci ya yi gaba da ni.

Salati ne ya tashe ni. Ta ɗan tsagin murfin na hango ƙafafun mutane sun yi da’ira, amma can nesa. Ba wanda ya matso, domin kowa ya san a wannan zamani wanda ya fara taɓa gawar da aka tsinta shi ne zai kwana a caji ofis yana bayani. Na ji wani yana cewa, “Wanga ai akawun nan na, mai basfa, mai zuwa gidan Mode.” Wani ya ce shi dai ya ji labari gwamnati ta fara raba wa ma’aikatanta likkafani mai zif, tare da rancen babur, tunda kuɗi sun yi mata yawa. Wani tsoho ya yi kabbara ya ce a bar ’yan boko da tsari, ku duba, ya suturta kansa, ya juya kansa alƙibla, ya jera takalma don magada, salla kaɗai ya bar wa jama’a. Za ki ce me ya hana ni magana? Kunya ce, ya kurciyar gidanmu. Na ce bari in jira su ragu. Ba su ragu ba. Har wata mai gyaɗa ta sauke farantinta ta fara ciniki.

Sai ga Baba ya iso daga gona. Na gane tafiyarsa, na gane gyaran muryarsa. Ya tsaya ya ce: “Allah shi jiƙanai. Yaron kirki na, bai taɓa wuce ni bai duƙa ba. Ni gwada shi kawai nika yi. Ku shaida, da yay yi rai da na ba shi Saudatu, ko bai kwana ga hwadama ba.” Jama’a suka ce sun shaida. Zuciyata ta buga har jakar ta motsa, suka ce iska ce. Daga nan kowa ya buɗe baki. Wanda na taɓa fantsama wa ruwan kwata da basfa ya ce bai taɓa ganin mai tuƙi da natsuwa irina ba. Saudatu, tun da aka haife ni ba a taɓa yabona haka ba, ko a ofis, ko a gida. Na kwanta ina sauraro, ina cewa a raina ashe mutum bai san masoyansa ba sai ya mutu.

Sannan na ji ƙwarya ta faɗi ta fashe.

Wayyo, Saudatu! Damina biyu ina zuwa ƙofar gidanku, ba ki taɓa furta sunana ba. A wurin Hasana ni ne “wancan”. A wurin Inna ni ne “mai babur”. A gabana kuwa ba ni da suna ko kaɗan, sai dai ki ce “an gode”, “a sauka lafiya”, kamar da iska kike magana. Na san tarbiyya ce, na san kunya ce, na san haka iyayenmu mata suka yi har suka tsufa ba su kira sunan mazajensu ba. Na haƙura, na riga na sa a raina zan shiga kabari ban ji yadda sunana yake a bakinki ba. Amma ran nan kika ratsa tsakiyar maza, kika tsallake iyakar da ƙarti majiya ƙarfi suka kasa tsallakewa, kika durƙusa a gefena, a gaban Baba, a gaban mai gari, a gaban duk Dundaye, kika ce, “Lawwali!”

Wace tsuntsuwa ce ta taɓa yin kuka irin wannan? Wane ruwan farko ne ya taɓa sauka a kan busasshiyar ƙasa da irin wannan daɗi? Ashe haka sunana yake? Ni da nake jin sa kullum daga bakin shugaban ofis kamar ana kiran jaki! A nan ne na yi abin da ya raba ni da ke. Na ji kiran farko, ina farke, ina da baki, ina da numfashi, na yi shiru. Kwaɗayi ne ya kama ni, ina so in ƙara ji. Kika sake kira, na sake yin shiru, ina kwance ina lasar sunana kamar yaro da alewa, ke kuwa zuciyarki tana tsagewa a tazarar taƙi ɗaya daga kunnena. Sai da muryarki ta karye a tsakiyar sunan, ta kasa kai shi ƙarshe, sannan na ji abin da nake aikatawa. Na ce, “Na’am.”

In ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Tsohon da ya yabi tsarina ya manta da sandarsa, kuma an ce har ya kai gida bai tuna yana ɗingishi ba. Gyaɗa ta watse, awaki suka samu rabonsu. Game da Baba ba zan ce komai ba saboda girmansa, illa dai ban san mai shekarunsa yana iya tsallake ramin ban-ruwa ba tare da ya ja da baya ba. Ke kaɗai kika tsaya. Kika ɗauki laujen da wani ya yar, kika farke jakar daga wuya har ƙafa, kika dube ni, fuskarki jiƙe. Tambaya ɗaya kika yi mini, wai tun yaushe na farka. Da na ce yanzun nan, da yau ana maganar ranar ɗaurin aure. Amma idanunki suna kaina, ƙarya ta ƙi fitowa. Na ce tun kafin Baba ya zo. Kika miƙe, kika gyara mayafinki, kika tafi, ko gutsattsarin ƙwaryarki ba ki tsaya tsincewa ba.

Na san abin da ya biyo baya. Na san yara suna bin ki zuwa rijiya, ɗaya ya ce “Lawwali!” sauran su amsa “Na’am!” Na san matan unguwa sun mai da ke abin hira wurin daka. Kunyar da kika adana tun kina ’yar ƙarama kin zubar da ita gaba ɗaya saboda ni, ni kuwa ina kwance ina jin daɗi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wannan karon ni na ja, ke ya doka. Baba ya aiko cewa shi mamaci ya yi wa alkawari, amma magana zarar bunu ce, tunda mamacin ya nace ba zai janye ba, saura ya rage gare ki. Kin ga ke nan duk duniya ta yarda, har mai gari, har Markus da yake ta ba ni haƙuri kamar shi ya saƙa jakar. Ke kaɗai kika rage, kuma ke kaɗai ce dalilin komai.

Na kai jakar marina don a rina ta shuɗiya. Marina suka tsoma, suka tsoma, rini ya ƙi kamawa, wai zaren Turawa ba ya shan baba. Ta fito toka-toka, babbansu ya ɗaga ta ya ce da fari tana kama da sabon likkafani, yanzu kuwa tana kama da wanda aka riga aka yi amfani da shi. Na koma kanti, na tarar labari ya riga ni isa. Mai kanti ya fito mini da wata mai ruwan lemo, wadda ko makaho ba zai yi mata salla ba, mai zif da mariƙi ciki da waje. Yanzu na zama gwani. Duk mai son jakar kwana ya zo in gaya masa: ya duba nauyi, ya duba ko tana numfashi, ya gwada buɗe ta daga ciki tun yana kanti, sannan ya ja da baya ya dube ta da idon mai wucewa. Amma ban sayi sabuwar ba. Na ga babu telan da zai gyara tsohuwar kamar yadda laujenki ya gyara ta. Yanzu iska tana shiga ta ko’ina, ba zif, ba murfi, ba inda mutum zai ɓuya ya saurari abin da bai kamata ba.

A cikinta nake kwana a gonar Baba tun daga makon da abin ya faru, ko da yake ya yafe mini sharaɗin. Daga nan nake rubuto miki, takarda a kan gwiwa. Sauro ya yi mini zane a fuska har Hasana ta ce na yi kama da gwaza. Raɓa ta sauka a ƙirjina, ina tari kamar tsohuwar basfata. Jan-baki ba sa tsorona, wasu ma a kan igiyar gwangwanaye suke hutawa. Masu wucewa da safe sukan tsaya daga nesa su yi sallama da ƙarfi, ba sa gusawa sai na amsa na kuma ɗaga hannu. Duk na ɗauka, kuma da daɗi, domin daga nan ina hango hayaƙin gidanku, ina cewa wataƙila hannunki ne ya hura wutar. Amma shinkafa ta sunkuyar da kai, an fara wasa lauje. Idan aka yanke ta ba ni da sauran dalilin zama kusa da ke, sai in naɗe tsummana in koma Minanata in ci gaba da buga sunan shinkafa.

Ya ke da kika fi kowa ƙarfin zuciya a Dundaye, ban roƙe ki ki sake kiran sunana ba. Wanda na ji ya ishe ni har tsufa, kuma na san ta hanyar sata na same shi. Ki kira ni “wancan” har ƙarshen rayuwarmu, zan amsa da gudu. Kin ce kin riga kin yi kukana, ba ki da wani. Na yarda, kuma ba na so ki sake yin sa. Na ji shi da kunnena, Saudatu, abin da ba a ba kowane namiji ya ji ba, kuma na san abin da ya ci miki. Saboda haka ga alkawarina, kuma shi nake roƙo a kowace sujada a kan wannan laka: idan kin yarda da ni, Allah ya ba mu tsawon rai tare, idan kuma ranar rabuwa ta zo, ya sa ke ce za ki riga ni. Ya bar ni ni in durƙusa a gefenki, a gaban jama’a, in kira sunanki, in sake kira, in jira amsa. Wannan rabon ni na cancance shi, kuma zan ɗauke shi don kada ya sake faɗowa a kanki.

Ki aiko Hasana kafin a yanke shinkafa. Ko kalma ba sai ta kawo ba, ta tsaya a kan tudu ta ɗaga hannu, zan gane.

Naki a raye, naki har ranar da za a naɗe ni da gaske,
Lawwali.